Kaɗo, kirdi, wajo, gadamayo: abin da Metir yake faɗa da abin da dokar Kamaru ta ce

Sefa ɗari ce ta jawo maganar nan gaba ɗaya, wallahi ɗari ɗaya tak. Kawuna yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa, ranar wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko masa dila biyu daga tasha, sun yi da shi a ɗari huɗu amma da yaron ya iso yana haki yace sai ɗari biyar don kayan sun fi yadda aka faɗa masa nauyi, Kawu yace a'a yaro yace e, ga zafin Garwa na watan Afrilu wanda ko inuwa ba ta ceton mutum, kafin kace me Kawu ya ɗaga murya yace masa kaɗo, bai tsaya nan ba ya ƙara da kirdin banza, wato arne, wai kakanninku da gishiri aka saye su. Yaron Batupuri ne, ɗan ƙabilar Tupuri, bai rama ba, ya karɓi ɗari huɗunsa ya tada mashin yayi gaba. Abin da Kawu bai lura ba shi ne akwai wani zaune a bencin mai shayi riƙe da waya. Kwana biyu bidiyon ya gama zaga guruf-guruf na WhatsApp, rana ta biyar sai ga takardar kira daga komisariya, ofishin 'yan sanda.

Ni aka aika in kira Metir. Haka duk unguwa ke ce masa kuma haka zan bar shi a nan. Lauya ne, ɗan unguwarmu, ya ba ni kusan shekara goma, kuma tun kafin wannan rigimar an san shi da hali ɗaya, in ka ce arne ko bawa ko kirdi a gabansa sai ya tsayar da kai ko da a wajen ɗaurin aure ne ana rabon goro. Yana shiga rediyo kan maganar, yana zuwa makarantun sakandare yana yi wa ɗalibai bayani, in mai ƙaramin ƙarfi ya zo da ƙara a kan irin wannan zagi yakan tsaya masa ba ya karɓar ko sisi. Wasu na cewa neman suna yake, wasu su ce boko ne ya yi masa yawa, ni kaina da ina cikin masu cewa ya cika zaƙewa. Daga baya na ji dalili a bakin yayata. Kakarsa ta wajen uwa 'yar Fali ce daga duwatsun Tingilin nan bayan gari, ta musulunta tun tana ƙarama, ta sauke farali, ta rasu da carbi a hannu, amma da jikanta ya je neman aure a wani gida aka ce a bari a binciki asali, bayan sati biyu aka dawo masa da kayansa. Jikan baiwa ne wai. Lokacin har ya gama karatun lauya.

Da ya zo zauren Kawu bai ko gama zama ba Kawu ya fara, "Metir ɗana, yanzu don na ce wa kirdi kirdi shi ne za a kira ni komisariya da furfurata? To me zan ce masa, Balarabe?" Metir yayi murmushi yace, "Baba Alhaji, ai yana da suna. Kuma wannan kaɗon da ka ce masa, ranar da Bafulatani ya yi fushi da kai a kasuwa da me yake kiranka?" Kawu yayi shiru yana gyara hula. Don gaskiya ce, kaɗo da jam'inta haɓe mu Hausawa aka daɗe ana kira da ita, yau mun aro ta muna jifan na ƙasa da mu.

Toh bari in warware abin da ya warware mana a daren, yadda na fahimce shi, don mutane da yawa a nan arewa ba su ma san akwai doka ba sai takarda ta zo.

Zagi a dokar laifuka ta Kamaru hawa-hawa ne. Akwai zagi na fatar baki da ka yi wa mutum ɗaya a bainar jama'a ba tare da ya tsokane ka ba, wannan sashe na 307 ne, ɗauri daga kwana 5 zuwa wata 3 ko tara daga sefa dubu 5 zuwa dubu 100 ko duka biyun. Sai sashe na 241 wanda ya shafi cin mutuncin launin fata ko addini, ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6 da tarar dubu 5 zuwa dubu 500, amma in ta jarida ko rediyo ko talabijin ko soshiyal midiya aka yi tarar tana iya kaiwa miliyan 20. Wanda ya canza lissafi shi ne na ranar 24 ga Disamba 2019, da aka ƙara sashe na 241-1 musamman don ƙabila. Shi yace duk wanda ya yi kalaman ƙiyayya ko ya zuga a kai wa mutane hari saboda ƙabilarsu, ta kowace hanya, ɗaurin shekara 1 zuwa 2 ne da tarar dubu 300 zuwa miliyan 3. Ko alƙali ya tausaya maka ba zai sauko ƙasa da wata 3 da dubu 200 ba. In kuma ma'aikacin gwamnati ne kai, ko shugaba a jam'iyya ko kafar labarai ko ƙungiya ko kuma jagoran addini, ninkawa ake yi kuma babu sassauci. Wato liman ko fasto da ya hau mumbari ya zagi wata ƙabila hukuncinsa ya fi na Kawu nauyi sau biyu, a takarda dai. Banda wannan akwai dokar laifukan intanet ta 2010 da ta sa shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya ci mutuncin launi ko addini ta waya ko kwamfuta.

Dokar 2019 ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda yake Facebook bayan zaɓen 7 ga Oktoba 2018 ya ga yadda 'yan kudu suka koma kiran juna tontinar da sardinar, ɗaya ana nufin Bamileke masu adashi ɗaya kuma masu bin gwamnati don burodi da kifin gwangwani, ga rikicin yankin masu turancin Ingilishi da ya taso tun yajin aikin lauyoyi na 2016 ana ta zagin su da 'yan Bamenda kamar sunan gari ya zama ashar. A Fabrairun 2019 har Jean de Dieu Momo, wanda shi kansa lauya ne kuma ƙaramin ministan shari'a, ya fito a CRTV, gidan talabijin na gwamnati, ya kwatanta Bamileke da Yahudawan Jamus na zamanin Hitila, ofishin jakadancin Isra'ila yayi tir gwamnati ta ce ba da yawunta ba, amma mutumin ya ci gaba da zama a kujerarsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kawu da ya ji miliyan 3 sai da ya nemi ruwa. Metir ya kwantar masa da hankali yace ba kowane zagi ne yake kaiwa 241-1 ba, kuma a nan ne aikin lauya yake. Yace akwai ma'auni da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a Rabat a 2012, ana duba a wane yanayi aka faɗi maganar, gari lafiya yake ko ana zaman ɗar-ɗar, wa ya faɗa, ɗan kasuwa ne mai jin haushin sefa ɗari ko mai faɗa a ji ne da dubban mutane a bayansa, me yake nufi, da wane irin lafazi, maganar ta kai ina, kuma akwai yiwuwar wani ya ɗauki adda saboda ita ko babu. Da wannan ma'aunin maganar Kawu ta fi kusa da zagin mutum ɗaya, sai dai wannan jimlar ta kakanninku da gishiri ita ce ta ɓata lissafi don ta tsallake yaron ta hau kan al'umma guda.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya buɗe wayarsa ya nuna mana abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Mutum wajen nawa suna cewa duk Hausawa haka suke, 'yan Boko Haram, baƙin haure su koma Najeriya, wani ma yace a ƙona musu shaguna. Metir yace a ido na doka wannan mai cewa a ƙona shaguna ya fi Kawu shiga 241-1 nesa ba kusa ba, amma shi ba wanda ya aika wa takarda don sunan ƙarya yake amfani da shi da hoton zaki.

Yanzu su kalmomin kansu. Mutanenmu suna cewa ai suna ne kawai, kowa da abin da ake kiransa. Toh amma ka duba daga ina suka fito. Kirdi tsohuwar kalma ce ta yankin tafkin Cadi da ake kiran wanda ba musulmi ba, har Baturen Ingila Denham da ya iso Mora a 1823 ya rubuta ta a labarin tafiyarsa, kuma a wancan zamanin ma'anarta a aikace ita ce wanda ya halatta a kai wa hari a kamo. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo masarautun Fulani na Fombina, wato Adamawa, suka yi ƙarfi, su Garwa, Marwa, Ngaundare, Rai Buba, mutane da yawa duwatsu suka hau don tsira, kuma abin bai tsaya da zuwan Jamusawa a 1901 da 1902 ba. Hamman Yaji sarkin Madagali ya bar littafin ajiyar ranaku daga 1912 zuwa 1927 inda yake lissafa harin da ya tura cikin duwatsun Mandara da adadin bayi da shanun da aka kawo masa, kamar yadda Kawu yake lissafa dilar atamfa. 1912 fa, ba zamanin Fir'auna ba, kakannin wasu da ke tuƙa kilando yau suna raye lokacin. Shi ya sa Mafa ba sa son a ce musu Matakam, Dowayo ba sa son Namshi, sunaye ne da wasu suka laƙa musu daga waje da raini. In ka ce wa irin wannan mutum da gishiri aka sayi kakanka ba zolaya yake ji ba, labarin da kakarsa ta ba shi da dare yake ji.

Hujjar da aka fi kawo wa Metir ita ce ta addini, wai arne ai bayanin aƙida ne ba zagi ba, wanda bai yi imani ba me za a ce masa. Amsar da yake bayarwa ita ce ta sa na daina ce masa mai zaƙewa. Yace in da gaske maganar aƙida ce, ya kamata kalmar ta faɗi ranar da mutum yayi kalmar shahada. Amma ba ta faɗuwa. Bagidare ko Bafali ya musulunta, ɗansa ya haddace Alƙur'ani, jikansa ya zo neman aure ko limanci ko a raba gona sai ka ji an ce ai asalinsu arna ne. Kirista mai zuwa coci kowace Lahadi wanda littafinmu ya kira ma'abocin littafi shi ma arne muke ce masa. Kenan ba addini kalmar take aunawa ba, jini take aunawa. Ya kan kawo misalin Afirka ta Kudu, inda kalmar kafir ɗin nan tamu ta larabci ta bi bakin Turawa ta zama mafi munin zagin da ake yi wa baƙar fata ko musulmi ne ko kirista, har ta kai ba a rubuta ta cikakkiya a jarida. A Maris 2018 kotu ta ɗaure wata baturiya Vicki Momberg shekara 3, aka jingine ɗaya, saboda ta maimaita kalmar sau 48 a kan 'yan sandan da suka zo taimakonta bayan ɓarayi sun fasa mata gilashin mota a Johannesbag. Metir ba cewa yake a goge kalma daga littattafan fiƙihu ba, cewa yake abin da malam yake karantarwa a zaure daban, abin da kake jefa wa mai ɗauko maka kaya a kasuwa daban.

Kuma malamai sun fi ni sanin ayar Hujurat da ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, da hadisin Abu Zarri da ya goranta wa wani mutum uwarsa Annabi (SAW) yace masa kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da kai. Kawu ya san duk wannan, shi yake ja mana sallar asuba in liman bai fito ba.

Hujja ta biyu ita ce wasa. Wannan kam tana da ƙarfi, don mu mutane ne masu wasan barkwanci, Bafulatani ya ce wa Babarbare bawana, Babarbare yace kai dai kawo nono ka tafi, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, ba wanda ya taɓa kai wani kotu, in ma aka hana wannan rayuwa ta yi lami. Metir da kansa yana yi, na sha jin shi yana tsokanar wani abokinsa Babarbare har da maganar tsagar fuska. Amma yace gwajin abu ɗaya ne, shin wanda ka faɗa wa zai iya mayar maka da irinta nan take ku yi dariya tare, kuma gobe in ɗansa ya zo neman 'yarka za ka ba shi? Babarbare zai rama kuma za a ba shi. Yaron kilando da ya rama wa Alhaji mai shago a tsakiyar kasuwa da irin wannan kalma da sai an taru a kansa. Ni a ganina wannan gwajin ya fi duk sassan dokar da ya karanto mana amfani, don ba ka buƙatar lauya kafin ka yi wa kanka shi.

Sai masu cewa ai su ma da bakinsu suna cewa su kirdi ne. Gaskiya ne. Jean-Baptiste Baskouda ya fitar da littafi a 1993 da sunan da ke nufin kirdi ne sunana, kuma a shekarun da aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa 'yan boko daga cikinsu sun ɗauki kalmar sun mai da ita tutar neman haƙƙi, Baba Simon limamin Katolika na Tokombere da ya rasu a 1975 har yau uban kirdi ake ce masa da girmamawa. Baƙaƙen Amurka ma haka suke da tasu kalmar, suna faɗa a waƙa amma Bature ya faɗa ya ga tashin hankali. Mutum ya ce ni talaka ne ba izini ya ba ka ka kira shi matsiyaci ba.

Inda abin yake ban dariya da ban haushi shi ne mu ɗin nan da muke jayayya, jirgin ƙasa kawai za mu shiga a Ngaundare da yamma mu wayi gari a Yawunde mu koma abin zagi. Can ba ruwansu da waye Bahaushe waye Bafulatani waye Batupuri, duk wajo ne, duk magida ne, kalmar maigida da muke girmama mutum da ita ta koma sunan mai tsire da mai gadi da wanda za a cuta a canji, kamar yadda aboki ta koma a Legas, kamar yadda 'yan ƙabilar Masa suka koma Banana alhali a yarensu abokina take nufi. Lokacin zaɓe a ce mana tumaki. Tun da yaƙin Boko Haram ya shigo yankin Arewa Mai Nisa a 2014 kuma sai aka samu sabon suna, ni da kaina a wani shingen bincike a hanyar Duwala an taɓa ce min in sauko da jakata a duba ko bam ne, don kawai ina sanye da doguwar riga, duk motar aka yi dariya har da direba. Dattawan Birkitiri, unguwar Hausawa a Yawunde, za su ba ka labarin yadda zama ya yi wa 'yan arewa wuya a Yawunde bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984. In muka dawo gida kuma ma'aikacin da aka turo daga kudu sai mu ce gadamayo, na ƙetaren kogi, mu tsuke baki. Laifi tudu ne. Ranar da aka yi wa ɗan ƙwallonmu Samuel Eto'o kukan biri a filin Saragosa a Fabrairun 2006 har ya nufi fita daga fili, duk gidan kallon ƙwallo na Garwa zagin Turawa ake, aka ci kulob ɗin tarar yuro dubu 9 muka ce raini ne, kuma a cikin masu zagin akwai wanda da safe ya ce wa yaron gidansa bawa.

Akwai masu cewa to ko ma zagi ne ai magana ce, iska ce, ba ta fasa kai. Metir a nan yakan ɗan sassauta murya. Ba ya cewa kalma ce take kashe mutum, yana cewa ita take sa kisan yayi sauƙi. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran Tutsi, kuma biyu daga cikin manyan gidan, Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, a nan Kamaru aka kama su a 1996 kafin kotun duniya da ke Arusha ta yanke musu hukunci a Disamba 2003. Ba sai mun je nesa ba ma. Rikicin Logon-Birni na Disamba 2021 tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta a kan ruwa ya taso, ruwa ya ja baya, masunta suna haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanu suna faɗawa ciki, wannan shi ne asali ba zagi ba. Amma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu, ƙauyuka 112 da aka ƙona, kusan mutum dubu 100 suka bar gidajensu yawanci suka tsallaka Cadi, wuta ta shiga har cikin Kusiri wadda dama ba ta manta faɗan Kotoko da Shuwa na 1992 ba. Duk wanda yake da 'yan uwa a can ya ji irin saƙonnin murya da suka riƙa yawo a kwanakin, ba mai cewa wane ya yi min kaza, sai dai su wane, kuma da sunan da ba na mutane ba.

Toh amma ni ina da inda nake rabuwa da Metir, kuma na faɗa masa. Na farko dokar ba ta fayyace mene ne kalaman ƙiyayya dalla-dalla ba, ta bar wa mai gabatar da ƙara da alƙali, kuma a ƙasar da aka saba doka tana da ido irin wannan sashe yana iya zama sanda a hannun mai mulki, ɗan adawa ko ɗan jarida yayi magana a kan yadda ake rabon muƙamai a ce ya zagi ƙabila, na kusa da gwamnati ya faɗi wadda ta fi ta muni a talabijin a ce a yi haƙuri. Maganar ministan can da na ce ku riƙe, an yi ta kafin dokar, amma ta nuna wa kowa yadda ma'aunin yake karkata. Na biyu wa zai iya kai ƙara? Sai ka ajiye aikinka, ka nemo shaidu, in a waya ne ka biya ma'aikacin kotu mai hatimi ya tabbatar da hoton rubutun kafin a goge, ka yi ta zirga-zirga ana ɗage zama, mai wankau ko 'yar aiki da ake ce wa baiwa kullum a cikin gida ina ta ga wannan. Na uku kuma shi ne babba, zagin da ya fi ciwo ba a kasuwa ake yin sa ba. Wanda aka yi wa Metir kansa a ɗaki aka yi shi da murya ƙasa-ƙasa tsakanin dattawa uku, ba bidiyo ba shaida, kuma babu sashen da zai tilasta wa wani ya ba ka 'yarsa.

Bai musa ba. Yace shi ma bai ɗauki kotu a matsayin magani ba, Amurka ma da ba ta ɗaure mutum don irin wannan zagi saboda tsarin mulkinta ya kare faɗin albarkacin baki, matsin jama'a da na masu talla ne ya sa ƙungiyar ƙwallon Washinton ta yar da sunan Redskins, wato jajayen fata, a 2020 bayan shekaru 'yan asalin ƙasar suna kuka. Amma yace kotu tana da ranarta. Ya ba mu labarin Tunisiya, ƙasar da ta haramta bauta tun 1846 amma har kwanan nan akwai baƙaƙen fata da ke ɗauke da kalmar atig, wato 'yantaccen bawa, a cikin sunansu na katin ɗan ƙasa. Sun yi dokar hana wariyar launi a Oktoba 2018, a Oktoba 2020 kotun Madanin ta yarda wani dattijo ɗan shekara 81 ya cire kalmar daga sunansa, kuma lauya mace ce ta tsaya masa. Yace wannan dattijon ba ɗaure kowa ya nema ba, so yake jikokinsa su miƙa kati a banki ba tare da ma'aikaci ya ɗago ya kalle su ba. Yawancin aikinsa shi ma haka yake, a cikin ƙararraki goma da ke zuwa masa ƙalilan ne ke kaiwa gaban alƙali, sauran a zaure suke ƙarewa ko gaban jauro ko lawan, sai dai yanzu mai zagin yana zuwa zauren da sanin cewa akwai miliyan 3 a rubuce a wani wuri, kuma wannan sanin yana gyara zaman mutum a tabarma.

Na Kawu ma haka ya ƙare. Metir bai tsaya masa a matsayin lauya ba, yace ba zai iya ba, amma ya je ya samu yaron da yayansa da shugaban 'yan kilandon tasharsu, aka sa rana kafin takarda ta wuce teburin mai gabatar da ƙara. Yaron ya zo da rigarsa ta aiki mai lamba a baya, ya zauna a bakin ƙofa, Metir yace a'a ya shigo ciki kan darduma. Abin da ya nema bai kai yadda muka zata ba, ba kuɗi ba, yace a wajen da aka zage shi a nan yake so a ba shi haƙuri, gaban mai shayin da 'yan dako. Kawu ya so ya tsaya ciniki, a bari sai bayan la'asar kasuwa ta rage, yayan yaron yace da ƙarfe sha ɗaya aka yi zagin. Washegari sha ɗaya Kawu ya fito ƙofar shago da babbar riga yace, "Ɗana, na yi maka ba daidai ba, kai da iyayenka, ka yafe ni." Ya miƙa masa sefa ɗarin, yaron ya karɓa ya ba almajirin da ke tsaye a wajen.

Har yanzu shi yake ɗauko wa Kawu kaya daga tasha, ɗari biyar ba ciniki. Kawu ya riƙe sunansa amma ba ya iya faɗinsa daidai, kullum sai ya ƙara masa wasali a ƙarshe 'yan dako su yi ta dariya. Shekaranjiya ina shagon wata mata 'yar kudu ta taya shadda ta tafi ba ta saya ba, na ji Kawu ya fara "waɗannan gada..." sai ya waiga wajen bencin mai shayi, ya ja carbinsa, yace min in miƙo masa almakashi.